Gwajin Magungunan Taɓin Hankali a Jikin Dabbobi Domin Rage Raɗaɗin Ciwo

Gabatarwa

Tun da aka fara sana'ar magani a duniya babu wata bukata da majinyaci ya fi kai wa mai magani kamar a raba shi da raɗaɗi. Mutum yakan yi haƙuri da rama, ya jure wa kasala, amma idan zafin ciwo ya tsananta sai ya hana shi barci da cin abinci, ya tsayar masa da sana'a, har ya ɗauke masa hankali daga ibada. Saboda haka ne masana harhaɗa magunguna ba su gushe ba suna neman abin da zai kashe raɗaɗi ba tare da ya haifar da wata cutar ba.

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana ɗaya daga cikin hanyoyin da aka bi a wannan nema, watau gwada magungunan da aka saba ba masu taɓin hankali, a ga ko za su taimaka wa magungunan kashe raɗaɗi idan an haɗa su. Galibin wannan aiki a jikin ɓeraye aka yi shi, cikin ɗakunan gwaje-gwaje na Turai da Amurka. Za a duba asalin tunanin, da yadda ake yin gwajin, da abin da aka gano, da kuma wata matsala guda wadda ta dabaibaye aikin tun farkonsa. Matsalar ita ce ɓera ba ya magana. Abin da mai bincike yake aunawa motsin dabba ne, magungunan taɓin hankali kuwa sun shahara da rage motsi da kashe damuwa. To, idan dabba ta yi shiru bayan an ba ta magani, ciwon ne ya tafi, ko kuwa ikon nuna shi ne aka ƙwace mata?

Dalilin Neman Maganin Rakiya

Magungunan da suka fi ƙarfi wajen kashe raɗaɗi su ne dangin mofin, wanda ake tatsowa daga ƙullin furen ofiyam, da 'yan'uwansa irin su kodin da fetidin da fentanil. Aikinsu ba shi da na biyu, amma suna tafe da illoli masu nauyi. Suna sa tashin zuciya da taurin ciki, suna rage numfashi har ya kai ga mutuwa idan awon ya yi yawa, jiki yakan saba da su har a bukaci ƙari kafin a sami sauƙin da aka samu jiya, sa'an nan suna iya zama wa mutum jaraba. Bugu da ƙari, akwai irin ciwon da ba ya jin su sosai, musamman wanda ke tasowa daga lalacewar jijiya.

Daga nan ne aka sami tunanin maganin rakiya, watau maganin da asalinsa ba don kashe raɗaɗi aka yi shi ba, amma idan aka ba da shi tare da mofin sai ya ƙara masa ƙarfi, ko ya ba da damar rage yawan mofin ɗin, ko ya kawar da wata illarsa. A shekarar 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin matakai uku na kula da raɗaɗin ciwon daji, kuma a kowane mataki ta bar gurbi ga magungunan rakiya. Wasu magungunan farfaɗiya da na baƙin ciki mai tsanani sun tabbata a wannan gurbi. Na taɓin hankali kuwa, duk da cewa sun riga da yawa daga cikinsu shiga fagen, har yanzu matsayinsu abin muhawara ne.

Asalin Al'amarin

Abin sha'awa shi ne magungunan taɓin hankali a ɗakin tiyata aka haife su. A watan Disamba na 1950 wani masanin kimiyyar sinadarai mai suna Paul Charpentier, ma'aikacin kamfanin Rhône-Poulenc a Faransa, ya haɗa maganin kulofuromazin, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Largactil. Wani likitan tiyata na sojan ruwan Faransa, Henri Laborit, shi ne ya fara amfani da shi, yana gauraya shi da fetidin da Phenergan don ya kwantar da jikin wanda za a yi wa aiki, ya kuma rage yawan maganin sa barci. Laborit ya lura cewa majinyaci yakan kasance idonsa biyu, yana amsa magana, amma bai damu da abin da ke gudana a kewaye da shi ba. Wannan rashin damuwa shi ya ja hankalin likitocin ƙwaƙwalwa, har Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada maganin a asibitin Sainte-Anne na birnin Faris a 1952, suka ga ya natsar da mutanen da a da sai an ɗaure su.

Kafin maganin ya kai ga mutane, wata masaniya a kamfanin mai suna Simone Courvoisier ta gwada shi a jikin ɓeraye, kuma abin da ta gani yana da muhimmanci ga wannan lacca. An koya wa ɓeraye cewa idan suka ji wata ƙara to wutar lantarki na tafe a daɓen kejinsu, saboda haka da jin ƙarar sai su haye igiya. Da aka ba su Largactil sai suka riƙa jin ƙarar suna zaune abinsu, amma idan wutar ta taɓa su sukan yi ƙoƙarin gudu. Watau maganin ya cire musu fargabar abin da ke tafe, zafin kuwa suna jin sa.

A ƙasar Beljiyam ma haka labarin yake. Paul Janssen da ma'aikatansa suna cikin sarrafa dangin fetidin don neman sabon maganin raɗaɗi suka faɗa kan halofaridol a 1958, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan magungunan taɓin hankali na duniya. A 1959 wasu likitoci biyu na ƙasar, De Castro da Mundeleer, suka gabatar da hanyar yin tiyata ta haɗa irin wannan magani da dangin mofin mai ƙarfi, majinyaci ya natsu ba tare da an gusar masa da hankali gaba ɗaya ba. Daga baya haɗin durofaridol da fentanil ya yaɗu a asibitoci. Likitocin dabbobi su ma har gobe suna amfani da irin wannan haɗi ga karnuka da dawaki.

To, amma tun a lokacin an sami masu shakka. A 1961 John Dundee da James Moore na birnin Belfast suka buga wata gajeriyar maƙala inda suka nuna cewa maganar ƙarin ƙarfin da ake jingina wa dangin Largactil zato ne ya fi yawa a cikinta, har ma bincikensu ya nuna Phenergan yana iya sa mutum ya ƙara jin zafi. A wannan shekara kuma Lasagna da DeKornfeld a Amurka suka ba da rahoto cewa wani ɗan gidan, wanda ake sayarwa da sunan Nozinan, yana kashe raɗaɗi da kansa kusan yadda mofin ke yi. Ke nan 'yan gida ɗaya, halinsu ya bambanta. Wannan saɓani shi ya mayar da masu bincike ga dabbobi.

Yadda Ake Auna Ciwo a Jikin Dabba

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita yana iya tambayar mutum ya kwatanta zafin da yake ji, daga sifiri zuwa goma. Ga dabba kuwa dole a ƙirƙiro wani zafi ƙayyadadde, a tsaya da agogo a ga abin da za ta yi. Hanyoyi huɗu ne suka fi shahara.

Ta farko ita ce ta fizge wutsiya, wadda D'Amour da Smith suka bayyana a 1941. Ana haska wutsiyar ɓera da fitila mai zafi, a ƙirga sakan nawa zai yi kafin ya fizge ta. Lafiyayyen ɓera yakan fizge cikin 'yan sakan kaɗan, wanda aka yi wa allurar mofin kuwa yakan daɗe. Don kada fata ta ƙone, akan yanke lokaci, galibi kimanin sakan 10, a kashe fitilar ko da bai motsa ba. Wannan fizga aikin lakar baya ce, domin ko da an raba lakar da ƙwaƙwalwa wutsiya takan fizge.

Ta biyu ita ce ta faranti mai zafi, wadda Woolfe da MacDonald suka fito da ita a 1944, Eddy da Leimbach suka gyara ta a 1953. Ana ɗora ɓera a kan farantin ƙarfe mai zafin kimanin digiri 55, a jira ya lashi ƙafarsa ta baya ko ya yi tsalle. Wannan kam sai da hannun ƙwaƙwalwa, domin lasa da tsalle aiki ne mai tsari.

Ta uku ita ce ta murɗawar ciki, wadda ta yaɗu daga ƙarshen shekarun 1950. Ana yi wa ɓera allurar ruwan tsami mai rauni, irin wanda ke cikin ruwan khal, a cikin kogon cikinsa, sa'an nan a ƙirga sau nawa zai miƙe ƙafafunsa na baya yana matse ciki cikin wani ƙayyadadden lokaci. Maganin da ya rage yawan murɗawar sai a ce yana kashe raɗaɗi.

Ta huɗu ita ce ta famalin, ruwan nan da ake adana gawa da shi, wadda Dubuisson da Dennis suka gabatar a 1977. Ana tsarma shi ƙwarai, a sa ɗigo a ƙarƙashin fatar tafin ƙafa. Dabba takan yi ta lasa da yarfe ƙafar na kimanin minti biyar, ta huta, sa'an nan bayan kamar rubu'in sa'a zafin ya dawo ya daɗe har kusan sa'a guda. Zango na biyu ya fi kama da ciwo mai ɗorewa irin wanda ke kai mutane asibiti. Don kwaikwayon ciwon jijiya kuma, Bennett da Xie sun nuna a 1988 cewa idan aka ɗaure babbar jijiyar cinyar ɓera da zare sako-sako, ƙafar takan koma jin zafi ko da an ɗan shafe ta.

Idan maganin rakiya ake gwadawa, akan raba ɓeraye kashi huɗu: waɗanda aka ba ruwan gishiri kawai, da waɗanda aka ba mofin, da waɗanda aka ba maganin taɓin hankali, da waɗanda aka ba duka biyu. Sai a nemi awon mofin da ke aiki ga rabin dabbobin, a ga ko haɗin ya rage shi. Akwai lissafi na musamman da ke bambanta haɗin da sakamakonsa tarawa ce kawai, watau ɗaya da ɗaya biyu, da wanda ya haura haka. Akan kuma yi amfani da naloksan, maganin da ke warware aikin mofin. Idan aka ba da shi sauƙin ya ɓace, an san cewa ta hanyar da mofin ke bi maganin ya bi.

Matsalar Shiru

Duk wanda ya dubi hanyoyin nan huɗu zai ga sun haɗu a abu ɗaya: ciwo yana sa dabba ta yi wani motsi, nasarar magani kuwa ita ce motsin ya ragu. A nan ne gizo ke saƙar. A 1963 Arvid Carlsson da Margit Lindqvist na ƙasar Suwidin suka kawo hujjar farko cewa Largactil da halofaridol suna tare aikin wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna dofamin, kuma a 1976 wasu ƙungiyoyin bincike biyu, ta Philip Seeman a Kanada da ta Solomon Snyder a Amurka, suka nuna cewa ƙarfin kowane magani a asibiti ya yi daidai da ƙarfin da yake toshe gurbin dofamin. Shi kuwa dofamin shi ne ke sa jiki ya yunƙura ya fara motsi, ƙarancinsa ne ke haifar da cutar Parkinson mai sa rawar jiki da sandarewa. Ɓeran da aka ba halofaridol mai yawa yakan ƙage, idan aka ɗora hannuwansa a kan ɗan sanda sai ya zauna a haka ya daɗe bai sauko ba. Irin wannan dabba idan ta yi jinkirin tsalle daga faranti mai zafi, ba za a ɗauki jinkirin a matsayin hujjar sauƙi ba. Daɗin daɗawa, dangin Largactil suna saukar da zafin jiki suna kuma buɗe hanyoyin jini, zafin fatar wutsiya kuwa yana shafar lokacin da za a fizge ta.

Masu bincike sun san da wannan, shi ya sa suke haɗawa da gwajin sanda mai juyawa wanda Dunham da Miya suka tsara a 1957. Ana ɗora ɓera a kan sanda mai juyawa kamar dutsen injin niƙa, wanda magani ya kashe wa jiki sai ya faɗo da wuri. Awon da bai kayar da ɓera ba shi ne ake yarda a gwada a kan ciwo. Wannan ya rage kuskure, amma bai kawar da shi ba, domin dabba tana iya riƙe sanda don tsoron faɗuwa alhali ta rasa himmar lasar ƙafarta.

Gyara mafi ma'ana shi ne wanda ya juya tambayar. Ciwo yana hana wasu ayyuka kamar yadda yake jawo wasu. Marar lafiya ba ya cin abinci, ba ya fita gona, kuma alamar ya sami sauƙi ita ce ya tashi ya nemi fura. A 2006 Stevenson da Bilsky da Negus a Amurka suka gwada wannan a jikin ɓeraye. Allurar ruwan tsami ta sa ɓeraye murɗawa, ta kuma hana su cin abincin da suke so. Mofin ya tsayar da murɗawar, ya kuma mayar da su ga abincin. Halofaridol shi ma ya tsayar da murɗawar, amma ɓerayen ba su koma ga abinci ba. Da a ce tsohon ma'auni kaɗai aka duba, da an rubuta cewa magungunan biyu aiki ɗaya suka yi.

Har ila yau akwai wata hanya. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a 2010 ɗakin binciken Jeffrey Mogil a Jami'ar McGill ta Kanada ya nuna cewa maganar ta haɗa har da ɓera. Sun tsara ma'aunin yamutsa fuska mai alamomi biyar: runtse ido, kumburin hanci, kumburin kumatu, kwantar da kunne, da canjin tsayuwar gashin baki. Ana ɗaukar hoto, wanda bai san abin da aka ba dabbar ba ya ba da maki. Sai dai maganin da ke sa barci shi ma yana runtse ido, saboda haka ko wannan ma'auni yana bukatar taka-tsantsan a wurin magungunan da ake magana a kansu.

Abin da Gwaje-gwaje Suka Nuna

Idan aka tattara sakamakon shekaru masu yawa, abin da ya fito fili shi ne magungunan taɓin hankali ba su da hali guda game da ciwo. Dalili kuwa shi ne kowannensu mabuɗi ne mai shiga kwaɗo fiye da ɗaya. Ban da gurbin dofamin, suna taɓa guraben wasu sinadarai kamar sirotonin da adirenalin da histamin, kowanne da gwargwadonsa.

Toshe dofamin shi kaɗai ba alheri ba ne ga mai ciwo. Masana a Jami'ar McGill sun gano cewa a gwajin famalin, rufe hanyar dofamin yana rage aikin mofin maimakon ya ƙara shi. A 2012 kuma ɗakin binciken Frank Porreca a Jami'ar Arizona ya nuna cewa ɓera mai ciwo yakan zaɓi komawa ɗakin da ya taɓa samun sauƙi a cikinsa, amma idan aka toshe dofamin a wani sashe na ƙwaƙwalwarsa wannan zaɓi yakan ɓace. Watau daɗin da rai ke ji idan ciwo ya lafa, shi kansa ta hanyar dofamin yake zuwa.

Duk da haka halofaridol yana da wata ƙofa. A shekarun 1990 Chien da Pasternak a birnin New York suka nuna cewa akwai wani gurbi mai suna sigma wanda aikinsa ya yi kama da birki ga mofin, halofaridol kuwa yana toshe shi, sai mofin ya ƙara ƙarfi a jikin ɓera. A 2005 masana a Jami'ar Granada ta ƙasar Sifen suka tabbatar da cewa halofaridol da abubuwan da jiki ke sarrafa shi zuwa gare su suna rage zafin famalin, kuma suka danganta hakan da wannan gurbi. Amfanin wannan bincike shi ne ya nuna wa masu harhaɗa magani inda za su nufa, watau su nemi abin da zai toshe sigma ya bar dofamin.

Sababbin magungunan da suka yaɗu daga shekarun 1990, waɗanda ba su cika sandarar da jiki ba, su ma an gwada su. Schreiber da Pick da abokan aikinsu a Jami'ar Tel Abib sun ba da rahoto a 1997 cewa risfaridon yana jinkirta fizge wutsiya, yana kuma ƙara wa dangin mofin ƙarfi, naloksan kuwa yana warware aikin nasa. A 1999 suka kwatanta kulozafin da olanzafin, waɗanda ƙirarsu ta yi kusa ƙwarai, suka ga na farkon yana da ƙarfi kuma yana bi ta hanyar mofin da ta adirenalin, na biyun kuwa rauni gare shi, kuma ya fi dogara ga hanyar adirenalin.

Daga Ɓera Zuwa Gadon Asibiti

Tsakanin keji da gadon asibiti akwai tazara mai faɗi. Ɓerayen gwaji galibi matasa ne lafiyayyu, 'yan zuriya ɗaya, kuma shekara da shekaru maza aka fi amfani da su. Ciwon da ake sa musu na minti ne ko na 'yan makonni, alhali mai ciwon daji ko ciwon baya yana fama wata da watanni, ga damuwar iyali da ta aljihu. Ƙananan abubuwa ma suna canja sakamako: a 2014 an gano a McGill cewa warin jikin namiji mai gwaji yana tsorata ɓera har ya rage nuna ciwo, abin da ba ya faruwa idan mace ce ke gwajin. Tarihi ya riga ya ba da darasi a shekarun 1990, sa'ad da wasu magunguna masu toshe sinadarin P suka yi fice a jikin dabbobi, da aka kai su ga mutane suka kasa kashe raɗaɗi, ɗaya daga cikinsu ya ƙare a matsayin maganin amai.

Game da magungunan taɓin hankali, ƙungiyar Cochrane mai tace binciken likitanci ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane a wani nazari da ta sabunta a 2013. Ta sami gwaji 11 masu ɗauke da mutum 770 gaba ɗaya, yawancinsu ƙanana, sakamakonsu kuma ya sha bamban, ga illar barci da ta sandarewar jiki. Inda amfaninsu ya fi tabbata shi ne a ciwon ɓarin kai mai tsanani, wanda ake yi wa allurar Largactil ko ɗan'uwansa a sashen gaggawa, da kuma kula da wanda ajali ya kusanto, inda Nozinan da halofaridol ke magance amai da ruɗewa. Wannan taimako ne na gaske, amma mafi yawansa ga abokan tafiyar ciwo yake.

Farashinsu kuma ba kaɗan ba ne. Suna iya saukar da jini har mutum ya faɗi idan ya miƙe, suna sa murɗewar wuya da harshe, daɗewa a kansu yana haifar da motsin baki wanda wani lokaci ba ya warkewa, wasu kuma suna sa ƙiba da ciwon sukari. A 2001 hukumar magunguna ta Amurka ta sa wa durofaridol gargaɗi mafi tsanani saboda rikita bugun zuciya. Haɗa su da dangin mofin yana ƙara haɗarin danne numfashi, haɗa su da taramadol kuwa yana ƙara haɗarin jijjiga. Wasunsu ma suna hana hanta mayar da kodin zuwa mofin, alhali sai ya koma mofin yake aiki sosai.

Wannan magana ta shafi ƙasashen da mofin ke wuyar samu a asibiti, magungunan taɓin hankali kuwa suke da araha. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan yaran da ake haifa da cutar sikila, cutar da raɗaɗinta ke cikin mafi tsanani da aka sani. A irin wannan hali akwai haɗarin a yi wa mai kuka allurar da za ta sa shi shiru, dangi su ga ya kwanta su yi hamdala, alhali zafin yana nan. Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar sayen magunguna, da ɗalibin da zai zama likita ko malamin jinya gobe, wajibi ne su riƙe wannan bambanci.

Haƙƙin Dabba

Tun da yake gwajin ciwo ba ya yiwuwa sai an sa wa dabba ciwo, an ɗora wa masu yin sa sharuɗɗa. A 1959 Russell da Burch a Ingila suka kafa ƙa'idoji uku waɗanda duniya ta karɓa: a maye gurbin dabba da wata hanya idan da hali, a rage yawan dabbobin, a kuma kyautata gwajin don wahalar ta ragu. A 1983 ƙungiyar masu nazarin ciwo ta duniya ta fitar da nata jagora, wanda ya ce a taƙaita tsawon gwaji, a bar wa dabba hanyar kauce wa zafin inda ya yiwu, kuma kada a gwada ciwo a jikin dabbar da aka shanye wa gaɓoɓi tana farke. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da kusanci da batun wannan lacca, domin maganin da ke ƙage dabba yana iya barin ta cikin azaba ba ta da halin nunawa. Gwajin da aka tsara shi da sakaci ya yi asara biyu, ya wahalar da rai, bai kuma samar da ilmi ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa fiye da shekara 70 bayan Largactil, gwajin dabbobi ya tabbatar da cewa wasu daga cikin magungunan taɓin hankali suna taɓa hanyoyin ciwo da gaske, ya kuma gano guraben da suke bi, amma bai kai ga ba su matsayin magungunan rakiya na yau da kullum ba. Babban abin da aka ƙaru da shi ya shafi ma'aunin kansa. Duk rahoton da ya ce wani magani ya kashe raɗaɗi a jikin ɓera, ya kamata mai karatu ya nemi sanin ko an tabbatar dabbar tana iya motsi, ko wanda ya ba da maki bai san abin da aka ba ta ba, da kuma ko ta koma cin abincinta da gina sheƙarta. Wannan ma'auni na ƙarshe shi ne kuma ya dace da ɗan Adam: a san an yi maganin ciwo idan majinyaci da bakinsa ya ce ya sami sauƙi, ya kuma tashi ya koma ga harkokinsa.